Iyakar Gonar Tunau

Arewa da Mai'aduwa, inda kwalta ta gaji ta tsaya,
na sauka daga babur da takardar gado a aljihu.
Alƙali ya rubuta: daga aduwa zuwa tsohuwar rijiya
gonar Tunau ce, a raba wa 'ya'yansa huɗu.
Ni ne babba, ni aka ce in je in taka.

Ban tarar da rijiya ba.
Tudu na tarar zaune a bakinta,
kamar raƙumin da ya durƙusa ya ƙi tashi.
Bayansa a kwance, gabansa kamar an yanke da aska,
iska ta yi masa kitso, ƙanana, layi bin layi,
ta tsefe da yamma, ta sake da safe.

Gwamma, ƙanwar babana, tana tsinkar zogale.
Ta ce, tudun nan tafiya yake yi,
taku bakwai duk shekara, da turmina nake aunawa,
sau uku ina janye shi.
Ɗauki gora.
Na ce, Gwamma, a gonar ubana?
Ba ta ɗago kai ba.

Kafin azahar duk tudun sun zama ɗaya.
Na waiwaya, an share sawuna
kamar yadda ake wanke allo.
Wayar hannuna ta yi zafi, ta mutu.
Harshena ya koma guntun ƙirgi.

Can muryar Tunau ta zo, shi da ya haƙa rijiya talatin
bai mallaki ko ɗaya ba:
Kada ka yi kokawa da rana, ba ta da ƙugu.
Kwanta. Sa tsakuwa a baki.
In la'asar ta yi sanyi, dubi kurciya,
wadda ta miƙe ba ta waige, ita ka bi.

Na kwanta gindin tumfafiya, inuwar ba ta kai faifai ba.
Na bi kurciya. Ta kai ni busasshen rafi,
a gwiwarsa kaba uku sun yi kore shar.
Na haƙa da hannu, ƙarangiya na cin yatsuna,
har gwiwar hannu, har kafaɗa.
Rairayi ya yi duhu, ya yi nauyi.
Na jira kamar mai jiran haihuwa a zaure.
Abin da ya taru bai cika ludayi ba,
na tace da bakin rigata.
Ban taɓa shan abin da ya kai shi ba.

Dare ya zo da sanyin da ban kawo wa mayafi ba.
Na binne ƙafafuna a yashi.
Yanyawa ta zo ta dube ni, kunnuwa a tsaye,
ta ga ban mutu ba, ta wuce.

Da Gamzaki ya fito na tashi, na yi tuntuɓe da wani ƙaya,
ɗan kurmi ne iya gwiwa.
Na duƙa ina zagi, sai hannuna ya taɓa ƙarfe:
zoben gugan Tunau,
wanda na rataye a reshen ƙoli ina ɗan shekara tara,
na sha dorina a kansa.
Reshen ya haɗiye rabinsa.

Ashe a kan aduwar nake tsaye.
Gaba biyar na itace a ƙarƙashin tafina,
kuma ga ta da 'ya'ya.
Na tsinka ba tare da na hau ba.
Zaƙi, ɗaci, sannan zaƙi.

Da hantsi na ga hayaƙin Gwamma.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta ba ni ruwa, ta nuna mini damin kara:
shinge za a kafa ta gabas kafin iska ta juyo.

Takardar na nan a aljihu. Gumi ya jiƙa ta.
Aduwa ta fito, rijiya ta fito,
tawadar ta narke daidai kan zuwa.